Inda “Wai” Ta Faɗi: Mawaƙan da Muke Rantsuwa Mun Gani a Talabijin

Daren wata Asabar ce cikin sanyin Disamba, irin sanyin Jos mai shiga ƙashi. Muna majalisarmu ta bakin mai shayi a Gangare, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, sai wani yaro ya kunna tsohuwar waƙa a wayarsa. Kafin 'yan amshi su karɓa sau biyu, hira ta koma kan mawaƙan da. Wani dattijo da muke kira Baba, tsohon direban babbar mota, ya ajiye kofinsa ya ce shi har abada ba zai manta daren da wani mawaƙi ya fito a talabijin a buge ba. Ya ambaci sunansa, ni ba zan ambata ba. Ya ce baiti biyu kawai ya yi, a na uku ya zagi wani babban mutum, nan take aka yanke shirin aka sa hoton tuta.

“Da idona na gani,” in ji shi, yana nuna idon da ɗan yatsa.

Na kusa da shi ya ce, “Baba, an yi haka, amma ba shi ba ne, wane ne,” ya kira sunan wani mawaƙin daban. Na uku kuma ya ce duka sun manta, a Kaduna abin ya faru, kuma ba zagi ya yi ba, faɗuwa ya yi a tsakiyar waƙa makaɗansa suka ɗauke shi. Mutum uku, labari uku, kowa ganau. Na ce, “Baba, a gidan wa kuka kalla?” Ya yi shiru kaɗan, ya ce gidan wani maƙwabcinsu. Na ce zamanin wa? Ya ce ko na Gowon ko na Shagari. Tsakanin saukar Gowon a 1975 da hawan Shagari a 1979 akwai shekara huɗu da shugabanni biyu.

Na san Baba fiye da shekara talatin. Mutum ne da za ka ba ajiyar kuɗi ka yi tafiya ka dawo ka same su yadda ka bari. Ba maƙaryaci ba ne, kuma wannan shi ne ya sa abin ya tsaya mini a rai. Da ƙarya ce da sauƙi, ramin ta ƙurarre ne. Abin da ke gabanmu mutum ne mai gaskiya da yake ganin wani hoto ƙarara a cikin kansa, hoton kuwa ba lallai ne idonsa ya taɓa ɗaukarsa ba.

Ni ma ina da nawa. Shekara da shekaru ina ba da labarin yadda na fara ganin Ɗan Maraya Jos a akwatin gidanmu, yana zaune riƙe da kuntiginsa, ɗan ƙaramin abin nan mai tsirkiya ɗaya, sanye da hula shuɗiya shar. Hular nan ita ce hujjata. In wani ya yi mini gardama sai in ce ai har launin hularsa na tuna, kuma in ƙara da cewa gidan talabijin na Jos ne ya fara watsa shirye-shirye masu launi a Najeriya, a 1975. Wannan na biyun gaskiya ne. Wata rana ina cikin ba 'ya'yana labarin a gaban yayata, sai ta dube ni ta ce, “Kai, wane launi? Akwatin babanmu ai baƙi da fari ne har ka shiga sakandare. Ka manta ledar nan da ya manna a gaban gilashin? Samanta shuɗi, tsakiyarta ja-ja, ƙasanta kore. Duk wanda ya fito a akwatin nan hularsa shuɗiya ce, har mai karanta labarai.”

Tana faɗa ledar ta dawo mini, har da gefenta da ya ɗaye ake liƙe shi da salatif. Na ga Ɗan Maraya, babu shakka. Amma shuɗin na leda ne, ƙwaƙwalwata ce ta ɗauke shi daga leda ta ɗinka masa hula da shi, sannan abin da na sani daga baya game da talabijin mai launi ya zo ya buga wa ɗinkin hatimi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ko yanzu da na san gaskiya, in na rufe ido hular tana nan shuɗiya.

Don a fahimci yadda irin wannan ya yawaita a tsakanin 'yan zamaninmu, sai an tuna yadda muka yi kallon. Talabijin ya fara a Najeriya a Ibadan a 1959, ya iso Arewa ta Kaduna a 1962, Jos ta samu nata a 1974 lokacin tana hedikwatar jihar Binuwai-Filato ƙarƙashin Gwamna Joseph Gomwalk, sannan a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin a ƙarƙashin hukuma ɗaya. A duk tsawon wannan lokaci da shekarun da suka biyo baya, akwati ɗaya ne a layi guda, wani lokacin a unguwa guda. Tashar ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe da taken ƙasa wajen tsakar dare. Yara ashirin a ƙasa kan tabarma, an sa kowa ya wanke ƙafarsa kafin ya shiga, waɗanda ba su samu wuri ba suna leƙe ta taga suna hawa kafaɗar juna. Hoto yana rawa, ana aika wani ya juya eriya a kan rufi ana yi masa ihu daga ciki, “Ya yi! A'a, koma!” NEPA ta ɗauke wuta a tsakiyar waƙa, kowa ya watse. Kuma abin da ya wuce ya wuce ke nan, babu mayarwa baya, babu sake kallo gobe.

To a irin wannan yanayi, mutum nawa ne suka ga shiri ɗaya daga farkonsa har ƙarshe? Kaɗan ƙwarai. Amma washegari kowa ya san abin da aka yi, domin waɗanda suka gani sun ba da labari a makaranta, a kasuwa, a tasha, a wurin ɗiban ruwa, suna kwaikwayon tsayuwar mawaƙin da yadda ya ɗaga hannu. Wanda wuta ta ɗauke masa a rabi ya ji sauran a bakin abokinsa. Muryar kuwa dama tana kunnenmu dare da rana daga Rediyon Kaduna da kaset. Fuskar tana jikin kwalin kaset da kalandar bango a shagon tela. Murya daga rediyo, fuska daga kwali, labari daga rediyo mai jini: bayan shekara ashirin ƙwaƙwalwa ta haɗa ukun nan ta ajiye su a wuri ɗaya, a cikin akwatin talabijin, domin nan ne kaɗai murya da fuska da motsi suke haɗuwa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi iya riƙe abin da ta sani a kan riƙe hanyar da ta san shi. Na taɓa jin wani yana bayanin kalar rawanin Narambaɗa a talabijin, alhali Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, fiye da shekara goma kafin a fara ganin launi a akwati a Najeriya.

Hausa tana da kalma guda ɗaya ƙarama da aka tanada domin wannan matsala, ita ce “wai”. Wanda ya ce “wai ya fito a buge” ya sauke nauyi daga wuyansa, ya sanar da kai jiyau ne. Labarin yakan fara tafiya da “wai” ɗinsa a gaba. Amma “wai” tana rage wa labari armashi, mai sauraro yakan ce “to ai ba ka gani ba.” Sai a maimaici na biyar ta koma “an ce”, na goma ta koma “ai kowa ya sani”, na ashirin ta faɗi a hanya ba wanda ya lura, har shi mai ba da labarin. Daga ranar da ta faɗi, duk lokacin da ya sake faɗa yana zana hoton a kansa, kuma hoton da aka zana sau hamsin ba ya da bambanci da wanda aka gani sau ɗaya. Wani lokacin ma ya fi shi fitowa.

Ba mu kaɗai ba ne, kuma masana halayyar ɗan Adam sun gwada abin a fili. Ranar 4 ga Oktoba 1992 wani jirgin dakon kaya na kamfanin El Al ya faɗa kan wani dogon gini na gidajen haya a unguwar Bijlmer ta birnin Amsterdam, mutum 43 suka mutu. Gidajen talabijin sun yi makonni suna nuna wuta da ɓaraguzai, amma babu wanda ya ɗauki hoton lokacin da jirgin ya daki ginin. Bayan wata goma, wasu masu bincike na ƙasar Holan, Hans Crombag da Willem Wagenaar da abokin aikinsu, suka tambayi mutane ko sun ga hoton bidiyon lokacin da jirgin ya daki ginin a talabijin. Kashi 55 cikin 100 suka ce sun gani. Da aka sake gwajin da wasu mutanen, kashi 66 suka ce sun gani, da yawansu kuma suka ci gaba da bayanin yadda jirgin ya karkata da tsawon lokacin da wuta ta ɗauka kafin ta tashi. Waɗannan masu ilimi ne, cikinsu har da ɗaliban shari'a, kuma wata goma kacal da faruwar abin. Ina ga Baba da ke tuna daren da ya shige shekara arba'in?

Akwai wani gwajin da ya fi kusa da namu. A Janairun 1986, washegarin da kumbon Challenger ya tarwatse a sararin Amurka, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Ulric Neisser ya sa ɗalibai a jami'ar Emory suka rubuta yadda labarin ya iske su: a ina, wa ya faɗa musu, me suke yi. Bayan kusan shekara uku aka sake yi musu tambayoyin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da abin da suka rubuta ba ko a abu ɗaya, kuma adadin masu cewa a talabijin suka fara samun labarin ya ninka. Wanda abokinsa ya gaya masa a aji ya koma yana cewa a akwati ya gani. Da aka nuna musu rubutun hannunsu, sun yarda nasu ne, amma sabon hoton bai gushe ba. Hulata shuɗiya ke nan.

Har a fagen mawaƙa da shirye-shiryen nishaɗi, Amurkawa suna da irin labarin Baba. In ka tambayi tsofaffinsu kan fitowar mawaƙi Elvis Presley ta farko a shirin Ed Sullivan, da yawa za su ce sun tuna Sullivan yana gabatar da shi, sun kuma tuna an hana kyamara ta nuna shi daga ƙugu zuwa ƙasa saboda rawarsa. A daren 9 ga Satumba 1956, da mutum kusan miliyan 60 suka kalla, Sullivan bai ma zo ba, yana jinyar haɗarin mota, wani ɗan wasan Ingila mai suna Charles Laughton ne ya riƙe masa shirin. Taƙaita hoton daga ƙugu zuwa sama kuwa a fitowarsa ta uku aka yi, ranar 6 ga Janairu 1957. Mutane sun narkar da dare uku sun zuba a dare ɗaya. Bambancinsu da mu guda ne, kuma shi ne zuciyar maganar: su suna da hoton. Ana iya ɗauko shi a kunna, gardama ta ƙare, gani ya kori ji.

Mu me za mu kunna? Shirye-shirye da yawa na wancan zamani kai-tsaye aka watsa su, ba a naɗe su ba sam. Waɗanda aka naɗa kuma a kan manyan kaset ne masu tsada da ake shigowa da su daga waje, na farko mai faɗin inci biyu, daga baya U-matic da Betacam. Tasha mai ƙaramin kasafi ba ta iya ajiye kowane kaset, sai ta goge na makon jiya ta ɗora na wannan mako. Wanda ya tsira daga gogewa ya haɗu da zafi da laima da ƙura, ya yi funfuna ko ya manne. Wanda ya tsira daga wannan kuma, injin da zai karanta shi an daina ƙera shi. Ma'ajiyar da ke hannun jama'a ita ma ba ta tsira ba, mu 'yan Jos mun fi kowa sani. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun tashi unguwanni, mutane sun fita da kayan jikinsu kawai, akwatunan kaset da kundin hotuna sun ƙone a ɗakuna. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002. Rai ake ta nema a lokacin, wa zai yi kukan kaset? Amma asarar tana nan, kuma a gurbin da ta bari ne ji-ta-ji-ta ke yin gida.

Goge kaset ba halin baƙar fata ba ne, BBC da kanta ta yi ta yi har zuwa ƙarshen shekarun 1970, ta rasa shirye-shirye masu ɗimbin yawa. A nan ne Jos ta shiga labarin ta wata ƙofa da ke sa ni tunani a duk lokacin da na tuna. A Oktoban 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na wani tsohon wasan kwaikwayonta, Doctor Who, na shekarun 1967 da 1968, waɗanda aka yi shekaru ana ɗauka sun ɓata har abada. Wani Bature mai suna Philip Morris ne ya bi sawun takardun cinikin fina-finan ƙasa-ƙasa, har ya same su a gwangwanayensu a kan kanta, a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a nan Jos. Garinmu ya riƙe wa Ingila tarihinta kusan shekara arba'in, kuma an samu wanda ya damu har ya ƙetaro teku nemansa. Haka fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, da aka daɗe da fidda rai da shi: an sake gano shi a 2016 a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna a Berlin a 2018. Hukumar nan hedikwatarta a Jos take, ma'ajiyar fina-finai da bidiyo da sauti ta ƙasa a Jos take, kwalejin koyar da aikin talabijin tana unguwar Rayfield a nan Jos. In akwai garin da ya kamata a ce an fara bin kanta-kanta ana neman daren da Ɗan Maraya ko Barmani Coge ko Haruna Uji suka zauna gaban kyamara, wannan garin ne.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa duk abin da babu kaset ɗinsa ƙarya ne. A nan maganar take da sarƙaƙiya. Mawaƙanmu na baka ba rubutacciyar waƙa suke haddacewa ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da ƙirƙira nan take, waƙa ɗaya ya yi ta a wuri goma ta fito iri goma, ya ga wani a cikin taro ya saka shi a baiti, gobe ya cire shi. Saboda haka in dattijo ya ce ya ji wani baiti da ba ya cikin kaset ɗin da ke yawo, mai yiwuwa ne ƙwarai ya ji, kuma shi kaɗai ne ma'ajiyar da ta rage wa baitin. Wanda ya yi watsi da tsofaffi don ba su da takarda ya ƙona rumbu ne don gudun ɓera. Aikin da irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka yi a kan makaɗa da mawaƙa, da littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, da bakin mutane aka gina yawancinsu. Abin da ake buƙata tankaɗe ne da rairaya.

Kuma in za a yi tankaɗen, ya kamata a lura da irin labaran da suka fi tsawon rai. Ba ka jin ana rantsuwa an ga mawaƙi a talabijin yana ba da sadaka. Kullum ɗaya ne cikin 'yan kaɗan: ya fito a buge, ya zagi mai mulki an kama shi, ya yi wa wani baki a waƙa mutumin ya talauce ko ya haukace, aljanu ne ke ba shi waƙa har an ga idonsa ya juye. In mace ce mai amada, to zaninta ya kwance ko ta saki wata magana ta batsa aka kashe tashar. Labari guda ne yake canza suna daga gari zuwa gari, na ji na “an yanke shiri an sa tuta” a kan mutum huɗu daban-daban tsakanin Jos da Zariya da Kano. Labarin da ya dace da kowa, a ganina, alama ce cewa ba a jikin kowa aka auna shi ba. A jikin tunaninmu aka auna shi. Mu mutane ne masu son waƙa har cikin jini, amma masu raina mawaƙi. Mu yi masa liƙi da dare, da safe mu ce maroƙi ne, mu hana ɗansa 'yarmu. Ji-ta-ji-tar nan tana biya mana buƙatu biyu lokaci guda: ta ɗaga shi ya zama gagarau wanda ko gwamna bai tsoro, ta kuma ajiye shi a inda muka saba ajiye shi, a wajen da'irar mutunci.

Masu cewa “ruwa ba ya tsami banza” su sani yakan yi, in tulun da aka zuba shi dama da tsaminsa.

Wanda ke biyan kuɗin wannan hira ba ya wurin. Mawaƙin ya rasu, ba ya iya cewa ban yi ba. Iyalinsa ne ke nan. Na san wata yarinya a unguwarmu, jikar wata mai amada, da maganar aurenta ta yi tsami saboda wata gwaggon saurayin ta ce ita da idonta ta ga abin da kakar ta yi a talabijin. Uwar yarinyar ta zo wurin mahaifiyata tana kuka, tana cewa, “Inna, wallahi tsohuwar nan ko ƙofar gidan talabijin ba ta taɓa takawa ba, a gidajen biki kawai take kiɗan ƙwaryarta.” Da me za ta kare uwarta? Babu kaset da za ta nuna na abin da bai faru ba. Ita kuma gwaggon, na tabbata, ba ta ji a ranta tana ƙarya ba. An yi auren daga baya, amma sai da manya suka yi ta kai-komo wata da watanni.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne maganin wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, yana cikin karatun zaure. Malaman hadisi sun yi wannan tunanin fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma sun raba abu biyu da mu muke cakuɗawa: adalcin mai ruwaya daban, kiyayewarsa daban. Mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah, a ce dai haddarsa ba ta da ƙarfi, a ƙi kafa hujja da abin da ya kaɗaita da shi, ba tare da an kira shi maƙaryaci ba. Sun rubuta waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta rikice da tsufa, suka ce a karɓi abin da aka ji daga gare su kafin rikicewar. Sun bambanta wanda ya ce “na ji” da wanda ya ce “daga wane”. Sun tara hanyoyin labari ɗaya suna gwada su da juna. Wato sun ƙi yarda “wai” ta faɗi. A farkon Sahihu Muslim akwai hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Muna karanta wannan da safe, da dare mu zauna bakin mai shayi mu yanke wa mamaci hukunci da ruwayar da ba ta da ko mutum ɗaya tabbatacce a salsalarta.

Tambayoyin da za a yi ba su da wuya, kuma ana iya yin su cikin ladabi ba tare da an kunyata babba ba. A gidan wa kuka kalla, su wa ke wurin, kafin auren wane ne ko bayansa, me aka nuna kafin shirin? In akwai shaidu biyu, a tambaye su daban-daban kafin su haɗu su daidaita labarin, domin da sun zauna tare sau ɗaya sun zama shaida ɗaya. Tsofaffin masu ɗaukar hoto da masu gabatar da shirye-shirye da 'yan amshi da makaɗa, wasunsu suna nan da rai a Jos da Bukuru da Kaduna, sun yi ritaya suna zaune a ƙofar gida. Su ne suka san ko an taɓa yanke shiri an sa tuta. Kowace shekara muna kai wasu makwancinsu ba a tambaye su ba.

Lokaci kuma yana ƙure mana ta wani ɓangaren. Guntayen tsofaffin bidiyo suna yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp, an datse su, an liƙa musu suna da shekarar da mai turawa ya ga dama. Ana shafa wa baƙi da fari launi da manhaja. Da ƙirƙirarriyar basira yanzu ana iya sa muryar mamaci ta rera abin da bai taɓa rerawa ba. Mu ƙwaƙwalwarmu ce ta ɗinka mana hoton a hankali cikin shekara ashirin, 'ya'yanmu za a miƙa musu shi ɗinkakke a tafin hannu, kuma in suka ce da idonsu suka gani, sun gani ɗin.

Bayan mako guda da waccan hira Baba ya riga ni zuwa majalisa. Ya matsa mini a benci, ya bari mai shayi ya gama sheƙa nasa, sannan ya yi ƙasa da murya. “Yaro, tambayar nan taka ta hana ni barci. Na je na tambayi ɗan maƙwabcin namu, ya ce ubansu bai sayi talabijin ba sai shekarar da aka yi juyin mulkin Buhari. Ni kuwa a lokacin ina Maiduguri da mota, shekara biyu ban zauna Jos ba.” Ya juya kofin a hannunsa. “Ina jin a tasha aka ba ni labarin. Amma wallahi in na rufe ido ina ganinsa, da farar riga, yana tangaɗi.”

Na ce, “Na yarda, Baba. Ni ma ina da hula.”

Bai tambaye ni wace hula ba. Ya kira yaron nan mai waya ya ce ya sake kunna waƙar, kuma da na kusa da shi ya buɗe baki zai ɗauko labarin tuta, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce a bari a ji waƙa tukuna.